Yadda Arzika Ya Ba Katako Ɗanɗano

Ku gyara zama, ga wata daga bakin kogi.

A Tungar Gamji, can ƙasar Yawuri inda Kwara take yin faɗi har sai ka kanne ido kafin ka hango waccan gaɓar, akwai wani gida mai mutum uku. Akwai Inna Tumba, wadda mijinta ya yi sana'ar fito har Allah Ya karɓi abinSa. Akwai ƙaramin ɗanta Bagudu, mai saurin hannu, bakinsa kuma ya fi hannun sauri. Sai babban ɗanta Arzika. Ya haura shekara talatin, ga ƙarfi kamar na mutum biyu, ba ya ƙarya, ba ya fashin jam'i, ba ya musu da kowa. Abu ɗaya ne da shi: magana in ta shiga kunnensa, yadda aka faɗe ta haka take zama, ba ya ƙara mata, ba ya rage mata. Inna ba ta kiran sunansa tun da ɗan fari ne, sai dai ta ce "bawan Allah". Shi kuwa Bagudu ko ransa ya kai maƙura dole ya fara da "Yaya", sai ka ji kalmar tana fitowa ta tsakanin haƙora.

Abin da uban ya bar musu jirgin fito ne na katako, shekara biyu yana kwance a kan yashi. Jikinsa da sauran ƙwari, amma dandamalin ciki, inda ake jera buhuna don kada ruwan gindin jirgi ya taɓa su, ya ruɓe sarai. Gonarsu ta shinkafa kuwa tana kan tsibiri a tsakiyar kogi. Bara sun zauna jiran jirgin maƙwabta har kowa ya gama kwashe tasa, ruwa ya hau ya cinye musu rabi. Bana girbi saura wata biyu.

Malam Hantsi, masassaƙin jiragen garin, ya samo musu filawud, katakon nan mai falle-falle da ake mannawa a masana'anta. Ya ce yana da sauƙin ɗauka, yana da sauƙin kuɗi, amma shi da ruwa ba sa ga maciji, sai an shafe shi da gam mai hana ruwa shiga. Gam na gaske akwai shi a Legas, sai dai kuɗinsa ya kai na saniya. Su kuwa abin sayarwa ɗaya gare su, ragon da Inna take kiwo don layyarta. Ta dube shi ta ce, "Allah Ya ga niyya. A sayar." Rago ɗaya ne, saye ɗaya ne. In aka zaɓi gam ɗin banza, ba rago, ba dandamali, ba shinkafa.

Wata rana Bagudu ya ɗauko filafilin tuƙin babansu ya ga ya bushe har ya fara tsagewa. Ya ce, "Yaya, kai wannan kogi ka sa shi a ruwa ya jiƙa." Arzika ya tafi, ya yi bisimilla, ya sa shi a ruwa, ya dawo gida ya zauna. Da azahar Bagudu ya tambaya.

"Yaya, ina filafilin?"

"Yana ruwa."

"Wane wajen?"

"Da na baro shi dai yana daidai tsamiyar mashaya. Yanzu kam ina jin ya kusa Kainji."

Bagudu ya ɗora hannu biyu a ka. Inna ba ta ɗaga murya ba, dama ba ta ɗagawa. Ta ce, "Bawan Allah, daga yau duk abin da yake na jirgin nan, in zai shiga ruwa, ka ɗaura masa igiya, ka ɗaure a turken babanku." Arzika ya ce to. Washegari Bagudu ya naɗe wando zai shiga ruwa ya duba gindin turken, sai ya ji an cafke ƙafarsa. Kafin ya waiga ya sha ƙasa, fuska a taɓo, igiya a idon sawu.

"Yaya! Mene ne haka?"

"Baba ya sha faɗa, ni da kai na jirgin nan ne."

Mata masu wanki suka yi dariya har zanen ɗaya ya bi ruwa. Arzika ya bi shi da kallo, ya ce da ta ɗaure.

Wata rana Bagudu ya ce, "Yaya, ka zaga ka nemo mana abin da yake kama katako, yake sheƙi, wanda ya fi kowanne araha. Dubawa za ka yi, ba saye ba." Arzika bai nufi kasuwa ba, daji ya shiga. Sai bayan la'asar ya dawo, hannuwa duk sukar ƙaya, hula cike da ƙaron dakwara. Ya jiƙa shi a ƙwarya, ya ɗauko guntun filawud ɗaya cikin ragowar da Malam Hantsi ya yanke, ya shafe shi, ya shanya. Abin ya bushe yana walƙiya kamar madubi.

"Yana kamawa, yana sheƙi, ko sisi ban bayar ba," in ji shi.

Bagudu ya ce, "Yaya, wannan ai ƙaron tawada ne! Wanda ake rubutu a allo da safe a wanke shi da ruwa rabin ludayi. Shi za mu tare Kwara da shi?"

"Ba ka ce Kwara ba. Araha ka ce."

Suna cikin haka ragon Inna ya miƙo wuya ya lashe guntun tas, har da gefe. Arzika bai yi fushi ba. Ya sake shafawa, ya ɗora a kan danga inda rago ba ya kaiwa.

Wata rana, ranar kasuwar Yawuri, Bagudu yana fama da ƙusoshi, aka rasa wanda za a aika ya ji farashi sai Arzika. Inna tana ɗaura masa fura a gora ta ce, "Bawan Allah, ka san dai ba a amincewa da kaya sai an ɗanɗana, ko garin rogo ne." Bagudu daga cikin jirgi ya ɗaga murya, "Kada ka kuskura ka sa gam a bakinka, Yaya! Katako ne zai sha, ba kai ba!" Arzika ya tsaya ya jera maganganun biyu a ransa. Sai an ɗanɗana. Katako ne zai sha. Ya tattara guntayen filawud uku ya ɗaure, ya ɗora a ka, ya shiga jirgin kasuwa.

Rumfar farko ta Sanda mai fenti ce, mutum mai agogo a kowane hannu da turare mai tare hanya. Arzika ya sauke guntu ɗaya a kan tebur ya ce, "A ba shi ɗanɗano."

"A ba wa?"

"Katakon. Shi zai sha."

Sanda ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira maƙwabtan rumfa su zo su ga abin da bai taɓa gani ba. Amma da yake ɗan kasuwa ne, ya ga taro ya samu, sai ya buɗe wani gwangwani mai hoton jirgin ruwa mai hawa bakwai, ya shafe guntun gaba da baya da gefe, yana yi yana waƙe kayansa. Abin launin zuma, ƙamshi kamar na sabuwar kujera. Ya ce, "Dubi hoton nan da kyau. Da wannan suke shafe nasu. Wannan, ɗan'uwa, ko ruwa ya gan shi sai ya kauce!"

Rumfa ta biyu tana can ƙarshen layi kusa da masu kifi, ta wani tsoho Banufe mai suna Ndagi, mai sayar da koma da ƙugiya. Shi bai yi dariya ba. Ya dubi Arzika, ya dubi katakon, ya ce a shekara arba'in wannan ne mutum na farko da ya kawo masa mai shan abin da kansa. Nasa gam ɗin a jarka yake, ba hoto, ba suna, ruwan toka, wari kamar ya tsaga hanci. Ya tsiyaya kaɗan a kwalba, ya ba shi wata 'yar mitsitsiyar kwalbar daban ya ce maganin daskarewa ne, ɗigo kaɗan ake sawa.

"Abu biyu zan gaya maka. In ka ɗiga maganin, kada ka tsaya ko gaisuwa, don ba ya jiran kowa. Na biyu, ka shafa ko'ina."

"Ko'ina?"

"Ko'ina."

Wata rana da hantsi Arzika ya zauna a ƙofar gida da gwangwanin madara, ya zuba rabin gam ɗin Ndagi, ya ɗiga magani, ya fara juyawa. Sai ga Liman ya biyo ta nan da sandarsa.

"Salamu alaikum, Arzika. An tashi lafiya?"

Arzika ya ci gaba da juyawa.

"Arzika, ya Inna?"

Arzika ya sunkuyar da kai, gumi yana zuba, leɓɓa a dantse. Liman ya ƙara matsowa ya leƙa fuskarsa ko wani abu ya same shi. Arzika ya juya masa baya ya ci gaba da shafa. Mutumin da ko akuya ta yi atishawa sai ya tsaya ya dube ta, yau ga shi ya ƙi amsa sallamar Liman. Kafin azahar labari ya gama gari. Shi kuwa ya shafe guntunsa sama, ya juya ya shafe ƙasa, ya bi gefe huɗu ɗaya bayan ɗaya, har ramin da ƙusa ta bari sai da ya tura tsinke ya cike. Kazar Inna ta zo wucewa ta goga jiki, ta bar gashinta ɗaya a manne. Da ya gama ya wanke hannu da kananzir, ya tafi gidan Liman ya durƙusa a zaure.

"Wa alaikumus salam, Malam. Lafiya lau. Inna tana lafiya. Na riƙe maka su ne tun ɗazu."

Liman ya daɗe yana shafa gemu, kafaɗunsa suna rawa don dariya, sannan ya ce Allah Ya yi albarka.

Bagudu kuwa da ya ga guntun sai ya hau faɗa. "Yaya, wa ya ce a shafa gefe? Wa zai taka gefe? Wannan ai ɓarna ce! Gam ɗin tsohon nan kaɗai zai cinye ragon gaba ɗaya, kai kuma kana ciyar da ramin ƙusa!" Ya karɓe sauran, ya haɗa, ya ɗauko guntu na ƙarshe ya shafe sama da ƙasa sharaf-sharaf, ya bar gefen. "Ka ga yadda masu lissafin gobe suke yi."

"Ndagi ya ce ko'ina."

"Ndagi so yake jarkarsa ta ƙare."

A gaskiya Bagudu ba mugun nufi gare shi ba. Zuciyarsa ta riga ta tafi ga gwangwanin Sanda, don ya ji in aka sayi wannan za a samu rarar da za a saya wa Inna ɗan tunkiya ta fara kiwon layyar baɗi. Kullum sai ya ɗauko guntun nan mai launin zuma ya juya shi a rana, ya ce, "Inna, dubi sheƙi." Inna takan ce, "Na gani. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri."

Wata rana aka nemi Arzika aka rasa tun safe. Can aka same shi a mashaya, tsugune a bakin ruwa, ya miƙa guntun Sanda da hannu biyu yana nuna wa kogi. Masunta suka kewaye shi.

"Arzika, me ake yi?"

"Jira nake ya kauce."

"Wa?"

"Ruwan. Mai kayan ya ce in ya gan shi zai kauce. Wataƙila bai gani da kyau ba."

Ya matsa gaba, ya karkata guntun yadda rana za ta haska shi. Ya tashi ya yi azahar ya dawo. Ya yi la'asar ya dawo. Wani ya ce ya gwada ta wancan gefen, ruwan nan ido ɗaya gare shi. Arzika ya gode masa, ya koma wancan gefen. Da yamma ya shigo gida, rana ta gasa masa wuya, ya ce, "Bagudu, bai kauce ba. Ko taki ɗaya."

Bagudu ya riga ya sha tsokana a majalisa, har ana tambayarsa ko shi ma zai je ya taya yayansa gadi. Ya tashi ya tattaro guntayen huɗu, na ƙaro, na Sanda, nasa, da mai gashin kaza, ya zube su a gaban Arzika.

"Yaya, don girman Allah, kwashe tarkacen nan ka zuba a kogi. Kada in sake ganinsu. Magana ta ƙare, na Sanda za mu saya."

Arzika ya kwasa ya fita. A hanya ya tsaya a bayan ɗaki ya yanki igiya huɗu.

Aka yi mako uku ba a koma maganar ba, don Malam Hantsi bai gama gyaran haƙarƙarin jirgi ba, kuma Inna ta ce a bar ragon ya ƙara ƙiba ko zai yi daraja. Shinkafa a tsibiri ta fara sunkuyar da kai.

Wata rana, ranar da za a kai rago kasuwa, suka sauko mashaya bayan sallar asuba, gari ya waye tangaran. Sun ari kwalekwalen maƙwabci, an ɗaure shi tun jiya a turken babansu. Inna ta rako su har bakin ruwa, tana shafa wuyan ragon. Malam Hantsi ma yana nan, zai bi su ya sayo ƙusa. Bagudu ya ɗora ragon, ya zauna ya riƙe ƙahonsa.

"Yaya, kwance duk igiyar da ke jikin turken nan ka jawo, mu tafi."

Arzika ya dubi turken. Ya dubi ƙanensa.

"Duka?"

"Duka, Yaya, rana tana yi!"

"To rufe idonka."

"In rufe ido kuma?"

"Kai ka ce kada ka sake ganinsu."

Ya sunkuya ya laluba ƙasan turken, cikin ruwa, ya fara jawowa. Igiya ta farko ta fito da wani abu kamar tsohon littafin da ruwan sama ya daka, falle-falle a buɗe. Na ƙaro ke nan. Aka yi dariya, ba wanda ya yi mamaki.

Igiya ta biyu ta fito da guntun Sanda. Launin zumar nan ya koma fari, ya ɗaye yana reto kamar saɓar maciji. Malam Hantsi ya karɓa ya danna babban yatsa, yatsan ya shige. Dariya ta tsaya. Bagudu ya saki ƙahon rago.

Ta uku guntun Bagudu ne. Sama lafiya, ƙasa lafiya, suna nan sumul. Amma ruwa ya bi ta gefen da aka bari ya shige ciki, katakon ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Malam Hantsi ya matsa shi, ruwa ya tsiyayo ta haƙarƙari.

Ta huɗu ta fito da gansakuka a jiki da wani ɗan katantanwa. Malam Hantsi ya goge shi da bakin riga, sai ga gashin kaza yana nan daram. Ya ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa, ƙwas, ƙwas. Ya sa wuƙar ya ɓantari kusurwa. Cikin fari fat, a bushe, kamar yau aka yanke shi.

Ya juya shi a hannu ya daɗe. Ya ce, "Shekara talatin ina sassaƙa jirgi, ban taɓa tunanin in tambayi kogin da kansa ba. Arzika, wa ya ba ka wannan dabara?"

"Ba dabara ba ce. Bagudu ya ce in zuba a kogi. Inna ta ce in ɗaure. Ndagi ya ce ko'ina."

Bagudu yana zaune a cikin kwalekwale, guntun Sanda a cinyarsa, yana ɓare fatar da farce. Ya dubi ragon, ya dubi uwarsa. Da ƙyar ya ce, "Inna, na tsohon zai cinye ragon duka. Ba ɗan tunkiya."

"Dama ba don ɗan tunkiya na ba da shi ba," in ji Inna. "Ku sayo na mai warin. Kuma bawan Allah ne zai shafa."

Bagudu ya share maƙogwaro. "To, Yaya, in mun dawo, abin da za ka yi shi ne..."

"Kai!" Malam Hantsi ya ɗaga hannu. "Kada ka ƙara masa ko kalma ɗaya. An riga an gaya masa."

Ranar da aka fara aikin, Liman ya juyo bayan sallar asuba ya yi sanarwa: kwana uku kada wanda ya yi wa Arzika sallama, wanda ya matsu ya riƙe abarsa zuwa Juma'a. Haka aka yi. Mutane suna wucewa ta bakin yashi suna ɗaga masa hannu kawai, shi kuma yana durƙushe yana bin gefe, yana bin ramin ƙusa da tsinke, Bagudu yana riƙe masa katako bakinsa a rufe, abin da garin bai taɓa gani ba. Jarkar ta ƙare daidai kan gefe na ƙarshe.

Shinkafa ta ƙetaro a sawu shida, buhu ko ɗaya bai ji danshi ba. Sallar layya ta zo ba rago a turken Inna, ta yi wankanta ta tafi idi kamar kowa.

Amma kafin nan, ranar sawun farko, Inna ta ce ita ma za ta je ta ga gonar, rabonta da shiga jirgin tun mijinta yana da rai. Jirgin yana ɗan nesa da gaɓa, sai an taka ruwa zuwa ƙwauri. Ta tattare zane za ta sa ƙafa, sai ga Arzika a gabanta, tsugune, da igiya a hannu. Bagudu ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna, ya rufe.

Inna ta dubi igiyar, ta dubi jirgin, ta dubi ɗanta na fari. Ta miƙa masa ƙafar dama.

"Ɗaura da kyau, bawan Allah," in ji ta. "Ni ma ta jirgin ce."